Makunnin Kwamfutar Yayana

Shekarun baya, a shekarun nan da taki ya gagari talaka, fetur kuma sai dai mu ji warinsa idan mota ta wuce, na taɓa yin wani gyara da har yau nake ji da shi. Ku da kuka san ni da kwance wayoyi da kwamfutoci za ku zaci wani gagarumin aiki ne. Makunni ne kawai, ɗan abin nan da ake dannawa kwamfuta ta tashi. Yau idan aka kawo mini irinsa, kafin mai shayi ya gama fifita mini shayi na ɗaure na miƙa. Wancan kuwa sai da ya sa na yi gumi har a tafin ƙafa.

A ƙauyenmu nake a lokacin, arewa da Kano, inda gona take manne da gona, ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ya amsa maka daga tasa. Ɗambatta ce kasuwarmu. Na gama sakandare ina zaune, da safe gona, da yamma in shimfiɗa buhu a ƙofar gida ina gyaran tocila da rediyo. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau tun ina yaro. Duk abin da na kwance sai na mayar da shi, ko da kuwa wani noti ya yi saura a kan buhun ban san daga ina ya fito ba.

Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, ƙaninsa da muke kira Baffa shi ya riƙe gandun gidan. Mahaifiyata sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ita ta rufa mana asiri. 'Ya'yanta maza mu biyu ne, yayana ɗan fari, ni auta, matan da ke tsakaninmu duk suna gidajen mazajensu.

Kwamfutar ta yayana ce. Ta hannu ya sayo a Kano, irin ta tebur ɗin nan mai akwati daban allo daban, ya rungumo ta a cinya a cikin bas har gida. Ya kafa ta a ɗakinsa da ke jikin zaure, mai taga ta waje da ƙofa ta cikin gida. Ta tagar mutane ke miƙo memori ya tura musu karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙi, kowa da abin da ransa yake so. Ya ɗan samu a farko. Sai wata kaka ana tsakiyar girbin gero ciwon ciki ya kayar da shi, kafin a gama ɗaure damman gonarmu an kai shi makwancinsa.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda yaran yanzu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Kunya ce, ita ma haka ta taras. Ni auta, har na fara gemu Inna tana ɓoye mini ƙuli mai zafi, tana kwaɗa mini kira daga ƙarshen gida. Shi kuwa sai dai "wancan", ko "ɗan'uwanka". Ranar da ya rasu mata suka cika gidan da kuka, ita tana zaune a bakin gado da carbi, idonta a bushe, ita ce ma take ba su haƙuri. Tsofaffi suka yi ta yaba mata. Ni kam a raina na ce wannan kunya ta yi yawa, kuma na daɗe ina jin zafin abin.

Ni na gaji ɗakin da kwamfutar. Sana'ar kuwa ta riga ta yi sanyi, samari sun fara riƙe manyan wayoyi suna tura wa juna komai a kyauta, ga fetur ɗin ƙaramin janaretan ya fi ƙarfina. Sai ran da aka kawo wuta nake kunna ta, wutar kuwa baƙuwa ce a garinmu, takan leƙo ta gaishe mu ta koma. Amma akwai abin da ya sa ba na wasa da kwamfutar nan. Yayana ba shi da hoton kati ko ɗaya a gidan. Duk hotunansa suna cikinta, kuma da ta gama tashi fuskarsa ce take cika allon, yana tsaye a cikin gero da fartanya a kafaɗa yana dariya. Kullum ina cewa zan kwashe hotunan in adana, kullum memorin da ya zo hannuna na wani ne. Wayata kuwa 'yar rakani-kashi ce, tocila ce babbar fasaharta.

Wata rana da damina ta fara zama, gero ya kai gwiwa, na dawo daga gona na tarar da ƙwan tsakar gida yana ci, alamar an kawo wuta. Na ruga ɗaki, na yaye tsohon zanen da nake rufe kwamfutar da shi, na kai yatsa. Yatsan ya shige rami. Makunnin ya lotsa ciki gaba ɗaya, ina taɓa shi yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Na danna, na murɗa, na sa tsinke na zaƙulo, na bubbuga akwatin ta gefe yadda nake yi wa rediyo. Ko tari ba ta yi ba.

Na fito tsakar gida ina faɗa. Na zargi kaji, na zargi jikokin Baffa, na zargi masu zuwa turi da ko ɗakin ba sa shiga. Inna tana gindin murhu tana juya gyaɗa a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta dai ce, "Auta, ka rage murya, maƙwabta suna ji."

Faɗan nan nawa shi ya ja mini. Baffa ya ji, ya zo ya leƙa ɗakin, ya girgiza kai ya fita. Bayan la'asar sai ga shi ya shigo ya tsuguna a gefen Inna. Baffa ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Gero ne ya fara yin rawaya a gona saboda rashin taki, kuma cin gidan nan duka a wuyansa yake.

"Yaya," haka yake kiranta, "abin nan na marigayi ya mutu. 'Yan gwangwan suna saye a Ɗambatta, an ce ƙarafan cikinsa suke so. Ko 'yan kwanukan taki ne aka samu, sai a yayyafa wa gonar bayan gari."

'Yan gwangwan kuwa kowa ya san aikinsu, guduma suke sa wa abu su ware ƙarfe daban roba daban. Na ce, "Baffa, ba mutuwa ta yi ba, makunni ne kawai. Kuma hotunansa suna ciki."

"To hoton za mu zuba wa geron, Auta?"

Na juya na kalli Inna, ina jiran ta ce wani abu. Ta ci gaba da juya gyaɗarta ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Malam."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Fuskar ɗanta za a sa wa guduma, amma ta ce daidai ne. Baffa ya ga yadda na murtuke, sai ya sassauta. Ya ce idan ta tashi kafin ranar kasuwa ya bar mini, idan ba ta tashi ba ni da kaina zan ɗora ta a bas. Na daki ƙirji na ce za ta tashi. Ni da ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba. Yau na san da na zare rumbun ajiyarta na sa a aljihu a sayar da sauran, amma a lokacin ban sani ba. A ganina idan akwatin ya tafi, fuskar yayana ta tafi ke nan.

A ranar ƙulin Inna ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba tun da na buɗe ido. Ta ce wutar ce ta yi yawa. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari na tafi wajen abokina mai gyaran babur, a gindin darbejiya bakin titi. Tare muka taso, kuma bakinsa ba ya shiru. Na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Injiniya, daga tocila sai kwamfuta? Ko ta kan talabijin ba za ka bi ba?" Amma ya tashi ya zare tiyon baburinsa ya tsiyaya mini fetur a kwalba, a shekarar da mutum ba ya ba ƙaninsa fetur. Ya ce shi ma zai zo kallo, don kada ta fashe babu shaida.

Na kwance notinan gefen akwatin na zare murfin. Gaskiya gabana ya faɗi. Wayoyi ja da baƙi da rawaya sun cakuɗe, ga fanka, ga wani koren faranti cike da ƙananan abubuwa. Na zauna na zuba mata ido. Can na ce wa kaina, kai, makunni makunni ne, ko na tocila ko na jirgin sama, aikinsa ya haɗa waya biyu. Na bi bayan ramin da yatsa, sai ga wasu siraran wayoyi biyu sun fito daga makunnin sun je sun maƙale a jikin koren farantin. Na yi bisimilla na datse su ta wajen makunnin, na feƙe bakinsu da reza. Abokina ya ja janareta. Na haɗa bakin wayoyin na saki.

Fanka ta juya. Akwatin ya yi 'yar ƙararsa, allon ya yi haske, jim kaɗan sai ga yayana da fartanyarsa. Wallahi sai da na miƙe na taka rawa a ɗakin nan. Abokina ya ce in zauna kada in ture ta, ya fita ya kashe janareta don a rage shan mai.

Da ina da hankali, da a nan na kira Baffa an gama magana. Amma ina, injiniya ba ya nuna aiki da tsirarar waya. Na hau kan kujera na kwance makunnin fitilar ɗakin, irin na bango mai sama da ƙasa, na ɗaura masa wayoyin nan biyu, na naɗe da salatif ya yi tsaf. Ko gwadawa ban yi ba, don kada a ɓarnatar da fetur. Na wanke hannu na je na taho da Baffa daga ƙofar masallaci.

Ya tsaya da hannayensa a baya. Aka ja janareta, na ɗaga makunnin da yatsa ɗaya, irin na manyan ma'aikata. Fanka ta juya. Na kalli Baffa ina murmushi, kafin murmushin ya gama buɗewa sai ta yi ɗif. Na sauke na sake ɗagawa. Ta juya, ta ɗan yi, ta mutu. Na sake, haka dai. Abokina ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, kafaɗunsa suna rawa.

"Wannan ai numfashin ƙarshe take ja, Auta," in ji Baffa. "Gara a sayar tun tana motsi. Jibi kasuwa, zan kawo igiya."

Ya fita. Ni kuwa na ɗauka da hannuna na ƙona wani abu a ciki. Fetur ɗin kwalbar kuma saura ɗan ƙasa, na gwaji ɗaya.

Da gari ya waye ko gona ban je ba, na je na zauna a gindin darbejiyar abokina na yi tagumi. Yana gyara hon ɗin wani babur, ya danna ya yi ƙara, ya saki ya yi shiru, ya sake dannawa. Ƙarar ta ishe ni, na buɗe baki zan ce ya bari, sai na fasa. Na ce masa ya sake dannawa. Ya danna. Na ce ya saki. Ya saki yana kallona kamar na taɓu.

A nan abin ya faɗo mini. Lokacin da na haɗa wayoyin da hannu, taɓawa na yi na saki, ta tashi ta zauna lafiya. Makunnin bango kuwa idan ya haɗa ba ya saki. Sai na tuna yayana, idan kwamfutar ta ƙame ta ƙi motsi, yakan danne makunnin ya ƙi ɗaga yatsa har sai ta mutu. Ashe ni da makunnina na bango ce mata nake yi tashi, a lokaci guda kuma ina ce mata mutu. Ba ta da laifi, baiwar Allah. Abin da take so shi ne makunnin da zai taɓa ya dawo da kansa, irin na hon.

Abokina ya zazzage gwangwanin tarkacensa ya zaƙulo mini wani tsohon madannin hon, baƙi, mai kan roba, faɗinsa kamar murfin kwalba, sifirin ɗinsa da sauran ƙarfi. Ya ce, "Idan ta tashi da wannan, duk wanda ya zo turi sai ya kauce hanya."

Muka koma ɗaki. Kafin madannin ya zauna a ramin sai an fitar da ragowar tsohon makunnin. Na sa filaya na zaro shi, na juya shi a haske ta taga. Ƙafafun robar da ke riƙe da shi duk sun karye ta ciki, kuma sun yi fari-fari, irin na robar da aka daɗe ana lanƙwasawa. Wannan ba aikin kaza ba ne, ba kuma bugu ɗaya ba ne. A cikin tsagar da ke kewaye da shi wani abu ja-ja ya taru ya daskare. Abokina ya sa farce ya kankaro ya shinshina.

"Mutumina, kwamfutar taka ƙuli take ci?"

Na karɓa na murza a yatsa. Ba ƙuli ba ne. Tunkuza ce, ƙullin gyaɗar da aka matse wa mai tun kafin a mulmula a soya. Ƙuli kowa yana ci a garin, tunkuza kuwa a hannun mai yi kawai ake samunta. A gidanmu hannu ɗaya ne yake taɓa ta.

Na zauna a bakin gado. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Zanen nan da nake yafa wa kwamfutar a karkace, sau da yawa in na dawo daga gona nakan tarar da shi a miƙe, gefe da gefe daidai, ban taɓa tambayar kaina wa ya gyara ba. Na tuna wata rana da aka kawo wuta, Inna ta kawo mini fura ta tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin da na danna makunnin. Fuskar yayana ta cika allon. Ta dire kwanon ta juya da sauri, har furar ta ɗan zube.

Ashe tun daga ranar take shiga. Sai ta bari na tafi gona gidan ya yi shiru, ta goge hannu a zane, ta je ta danna inda ta ga na danna. Ba ta san sai da wuta ba. Wa zai gaya mata, tunda ba za ta tambaya ba? Ta danna ba ta tashi ba, gobe ta ƙara ƙarfi, jibi ta ƙara, da babban yatsan da yake tatso mai daga gyaɗa. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ta ɗauka tana tsayawa a gaban baƙin allo tana jira. Kuma tana zaune Baffa ya ce a kai wa 'yan gwangwan, ta san ita ta karya, ta san abin da ke ciki, kunya ta hana ta cewa a bari.

Tausayinta ya cika mini ƙirji, hawaye suka zubo mini ban shirya ba. Abokina ɗan garinmu ne, shi ma ɗan fari ne a ɗakinsu, bai buƙaci bayani ba. Can ya share murya ya ce, "Ɗaure shi da kyau, injiniya. Mu sa masa ƙarfe ta baya."

Haka muka yi. Muka yanko ɗan falle daga wani tsohon ƙarfe, muka huda, muka tokare madannin da shi ta ciki, muka ɗaure da noti. Na murɗe wayoyin na ɗiga musu dalma na naɗe. Ko jaki ya taka madannin nan ba zai lotsa ba. Wannan karon ban ji ko ɗar ba, na san za ta tashi.

Ranar kasuwa da hantsi Baffa ya zo da igiyarsa a hannu. Muka juye ragowar fetur ɗin, abokina ya ja. Na ce, "Baffa, kai za ka kunna."

"Ni kuma?"

"Danna kamar hon ɗin babur, ka saki."

Ya kai yatsa a tsorace ya taɓa ya janye. Fanka ta juya. Muka tsaya muna jiran ta mutu, ta ƙi. Allon ya yi haske, sai ga yayana a cikin gero. Baffa bai taɓa ganin hoton ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo, leɓensa yana motsi. A hankali ya ce, "Allah ya jiƙanka, ɗana." Ya fara naɗe igiyar a hannu. "A bar ta, Auta." Da ya kai bakin ƙofa sai na ji yana cewa, shi da kansa, to geron nan fa.

Daga gindin murhu muryar Inna ta taso. "Malam, in kasuwar za ka, ka tafi mini da jar akuyar nan. Ta ishe ni da ɓarna."

Akuyar nan ba ta taɓa ɓarna ba, kuma duk cikin dabbobinta ita take ba dusa da hannunta. Igiyar da ya kawo don kwamfuta ita aka ɗaura wa akuya, da yamma ya dawo da taki a bayan babur.

Saura abu ɗaya, yadda za a yi Inna ta san sirrin wutar ba tare da na kunyata ta ba. Idan na je na ce, Inna ga yadda ake yi, ta san na gane, kuma na rantse ba za ta ƙara taka ɗakin ba. Sai na buɗe ƙofar cikin gida wangale, lokacin tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na ɗaga murya ina yi wa abokina bayani, shi da muka yi aikin tare.

"Ka ga wannan baƙin? Sau ɗaya ake dannawa, a hankali, a saki. Sai a ɗan jira."

Ɗan banzan ya gane nan take. Shi ma ya ɗaga murya. "To idan na danna ta ƙi fa?"

"Babu wuta ke nan. Ko ka hau kai da ƙafa ba za ta tashi ba. Sai ka ga ƙwan tsakar gida yana ci."

"Au, sai ƙwan tsakar gida yana ci. To kashewa fa?"

"Ka sake dannawa sau ɗaya. In ka manta ma, masu wuta za su kashe maka."

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya tun daga farkon maganar, ba ta dawo ba sai da muka gama.

Daga ranar na ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk lokacin da ƙwan nan ya kama da rana, ko yanzu na dawo, sai in saɓa fartanya in ce, "Inna, zan leƙa gona, sai la'asar." In je in zauna a gindin darbejiya muna surutu. Masu turi suka yi ta ƙorafi wai ba a samuna ran da ake da wuta. In na dawo zanen yana miƙe, akwatin da ɗuminsa, ga sawun ƙafafun 'yar kujerarta a ƙasa gaban tebur. Ban taɓa cewa komai ba, ita ma haka.

Sai bayan an yi kaka, wata rana ina zaune ina shan fura, tana tsaye ta ba ni baya tana tace mai a kwalba. Ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Hoton nan na cikin gero, ya rame a ciki. Babu wanda ya sa shuɗiyar rigar nan ta Sallah?"

Na dire kwanon furar. Na ce, "Akwai, Inna."

"To."

Ta ci gaba da tace manta. A rayuwata ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a kansa ba. Da aka sake kawo wuta ban tafi gona ba sai da na canza hoton.

Yanzu gyara ya zama sana'ata, kuma ban taɓa jin tsoron buɗe wani akwati ba tun daga wancan. Amma abin da ya fi zama mini shi ne, idan aka kawo mini abu a karye, nakan fara duba yadda ya karye kafin in buɗe baki in yi faɗa. Na kuma daina auna son da mutum yake yi wa nasa da yawan hawayensa, musamman iyayenmu na ƙauye da aka horar da su a kan haɗiye magana.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, tsufa ne ya kashe ta, ba makunni ba. Hotunan na kwashe tuni, na wanko mai shuɗiyar rigar a Kano na ajiye a kan gadon Inna ban ce komai ba. Yana ƙasan kwallarta a naɗe cikin ɗankwali, kuma har yau ba ta kiran sunansa. Madannin hon ɗin kuwa na cire shi, yana cikin durowar shagona. Robar ta siɗe a tsakiya ta yi ɗan kwarmi, ni kuwa na san ban danna shi da yawa haka ba. In ka kai shi hanci, har yanzu da sauran ƙamshin man gyaɗa.